Gashin Haihuwar Nurung

Malama Gil,

Mahaifiyata ta haɗa kayan ɗan kwikwiyonta a jakar cefane, ta ajiye a bakin ƙofa inda ake cire takalma. Ta ce ranar Asabar ɗayan biyu za a yi: ko a aske shi ƙwal, ko in zo in ɗauke shi. Ki taimake ni don girman iyayenki, na rasa ta inda zan ɓullo wa maganar nan, ga Asabar ɗin ta matso.

Na san duk wanda ya ji zai ce wace irin rigima ce wannan a kan gashin kare. Ni ma da wata ce ta ba ni labari, dariya zan yi. Ki yi haƙuri in faro miki daga farko, ko da zan ja ki da nisa.

Mahaifinmu ya rasu a sanyin da ya wuce. Umma ta rage ita kaɗai a gidan da muka taso, wani tsohon bene a Daegu kusa da rafin Sincheon. Ni ina Gumi da mijina da 'yarmu Dasom. Yayana yana Incheon, sai lokacin bukukuwa ake ganinsa. Ni ce nake zuwa duk Asabar. Umma mace ce da a da ba a samun ta a gida. In ba ta kasuwa tana zauren tsofaffin unguwa tana cinye ƙawayenta a karta, ta dawo tana ba mu labarin yadda suka yi ta ƙorafi. Bayan rasuwar sai komai ya tsaya. Abincin da na kai mata wancan makon sai in tarar da shi a firji yadda na ajiye. Talabijin a kunne ba murya, labule a sauke da rana tsaka. In na ce mu fita sai ta ce gwiwa. In na ce mu je a duba gwiwar sai ta ce ai ba ta ciwo.

Da bazara ta shigo, wata abokiyar aikina ta ce karyar iyayenta ta haihu. Manoman kankana ne a Seongju, 'yar rawayar nan mai zaƙi. Uwar fara ce, ƙarama, mai dogon gashi mai santsi, irin karnukan Malta. Uban kuwa ba wanda ya san shi, amma mahaifinta yana zargin wani ɗan dunƙulallen kare na gonar maƙwabta, mai fuska kamar ta dila, irin na Pomeraniya. Na karɓo ɗaya ba tare da na shawarci Umma ba, don na san amsar da zan samu.

Ranar da na kai shi ko taɓa shi ba ta yi ba. Cewa ta yi, “Wa ya gaya miki aiki nake nema? Na gama da ku, na gama da babanku, yanzu kuma kare?” Na bar shi duk da haka, na ce a gwada mako guda. Da na dawo har ya samu suna: Nurung, wai kunnuwansa launin ƙanzon shinkafa ne. Yanzu “autana” take kiran sa. In na shigo ban kula shi ba sai ta ce, “Maman Dasom, haka aka koya miki? Ba ki ga ƙaninki ba ne?” A kan matashin da Baba yake zama yake barci, matashin da ko Dasom ba a yarda ta hau. Da yake bai gama allurar riga-kafi ba, ba ta ajiye shi a ƙasa a waje. Sai ta saka shi a zanen goyo ta gaba, ta sauka bakin rafi kullum da safe, ita da gwiwar da ta ce ta hana ta motsi. Mutane su tsaya su tambayi watanninsa, ita kuma ta tsaya ta ba su tarihi. Ta koma girki, wai ai dole ta dafa masa ƙirjin kaza, to tunda an kunna wuta sai a ɗora miya. Har zauren tsofaffi ta koma, ta ce ba karta ta kai ta ba, nuna musu shi za ta yi.

Ga inda nawa hannun ya shigo. Ni mai karance-karance ce a waya, abin da na gani shi nake kamawa. Na karanta cewa kada a kai ɗan kwikwiyo shagon gyaran gashi sai ya gama allurai. Sai na gaya wa Umma kada ta yi masa wanka, kada ta taɓa gashinsa, a bar shi har sai likita ya sallame mu. Na saya masa kwano, shimfiɗa, 'yar rigar ɗamara ta yawo, kayan wasa, amma ban sayi mataji ba. Umma kuwa ta bi maganata sau da ƙafa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ni.

Sai damina ta kama, kin san Daegu, iska kamar tururin tukunya. Gashin Nurung ya yi tsawo ya rufe masa ido. Bayan kunnuwansa ya dunƙule, haka hammatarsa inda ɗamarar take gogawa, haka tsakanin cinyoyinsa. Yana ta susa. Umma ta shafa ta ji ƙulli-ƙulli, hankalinta ya tashi, ta ɗauka ƙari ne, don da haka ciwon Baba ya fara. Ta ruga da shi zaure tana kuka. Ƙawarta Madam Ok ta duba ta ce, “Ke dai kin cika abin dariya, gashin haihuwa ne! Wa yake barin gashin haihuwa? A kwashe shi duka, na kirki ya fito.” Duk matan zauren suka goyi bayanta, kowace ta ce haka aka yi wa nata karen.

Wannan magana ta zauna wa Umma daram, don dama ta yi imani da ita a kan mutane. Yayana an aske masa kai ranar da ya cika kwana ɗari, ga shi ya doshi hamsin gashinsa kamar burushi. Ni kuwa Baba ya hana, ya ce a bar masa kan 'yarsa, ɗan tsagi kawai ya yanka da almakashi. To gashina bai da kauri, kuma kusan duk shekara sai an tuna min dalili. Wancan makon ma cewa ta yi, “Sunkuyo in nuna miki. Daga nan ina hango fatar kanki. So kike autana ya zama haka?” Gashin yayana da nawa da na Dasom duk suna nan. Baba ya naɗe kowanne a farar takarda ya adana a wani gwangwanin shayi, yana cikin durowar Umma har yau.

Ranar Asabar ɗin nan Nurung zai cika kwana ɗari, bisa ranar haihuwar da mutanen Seongju suka faɗa. Umma har ta yi odar farar wainar shinkafa da za ta raba wa maƙwabta, kamar dai na jariri. Ta kai shi shagon gyaran karnuka na unguwa don a sa mata rana. Matar shagon ta ce sai ya gama allurai, kuma ko ya gama ba za ta kai inji fata ba sai ta tabbatar da irin gashinsa. Umma ta dawo a fusace, ta ce yaran yanzu aiki ne ba sa so.

Da na je Asabar da ta wuce sai na ga injin askin Baba a jone da wuta a kan tebur. Da shi Umma take yi masa aski a baranda lokacin da ciwo ya hana shi fita. Sai na tuna abin da na gani a waya. Na ga hotunan karnukan da aka aske gashinsu ya ƙi dawowa, bayansu ya zama fata baƙa. Na ga na waɗanda aka yanke a kunne. Kuma hannun Umma yana ɗan rawa yanzu, ko da ba ta yarda a faɗa. Da ta shiga kicin na zare injin na jefa a jakata, muka ci abinci, na yi sallama na tafi.

Washegari ta kira. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga ɗin da ya fi min sauƙi. Ta ce, “Na raini biyu, na yi jinyar ɗaya har ya cika a hannuna, yau ni ce ba a yarda da ni da ɗan kare ba. In naki ne, zo ki ɗauki abinki. In nawa ne, ki dawo min da injin mijina.” Ta kashe wayar. Maƙwabciyarta ce ta gaya min zancen jakar da ke bakin ƙofa, ta kuma ce tun ranar ba ta ga Umma ta sauka rafi ba.

Malama, ba zan iya riƙe Nurung ba. Mijina atishawa yake yi ko rigata ya kusanta bayan na dawo daga Daegu, kuma dukanmu wuni muke a wajen aiki. In na ɗauke shi, Seongju zai koma. In ya koma, na san labulen nan zai sake sauka, kuma ban san da me zan ɗaga shi ba a karo na biyu. Yayana ya ce, “Ke ma da neman magana. Gashi ne fa, bar ta ta aske, zai fito.” Shi da yake Incheon komai mai sauƙi ne.

To wa ke da gaskiya? Askin fari yana ƙara gashi ko ba ya ƙarawa? Yaushe ya kamata a fara gyara ɗan kwikwiyo mai dogon gashi, kuma ta yaya? In mayar da injin in rufe ido, ko in tsaya a kan bakana in rasa su biyun? Injin yana nan cikin jakata, kullum da shi nake zuwa ofis.

Taki,
Yayar Nurung, daga Gumi


Ya ke Yayar Nurung,

Ki mayar da injin. Wannan shi ne na farko, kuma kada ki jira Asabar. Sauran bayanin duk a bayansa yake.

Kin tambayi wa ke da gaskiya. Kowaccenku tana da rabi, kuma rabin da ke hannun mahaifiyarki ya fi yadda kike zato. Ita ce ta lura karen yana cikin damuwa. Dunƙulallen gashi yana jan fata duk lokacin da dabba ta motsa, yana riƙe danshi, a irin wannan damina kuma ƙarƙashinsa kan yi ja har ya yi ƙuraje. Ta kuma yi daidai da ta ga bai kamata a zauna jira ba. Abin da kika karanta game da allurai gaskiya ne, amma shago yake nufi, inda karnuka da yawa suke cuɗanya. Bai shafi mataji a cikin gida ba. Ɗan kwikwiyo mai dogon gashi, tun makon da ya shigo gida ake fara taje shi. Ba na faɗa don ki zargi kanki ba, masu rubuto min da wannan kuskuren suna da yawa. Na faɗa ne don ki je wurinta da wannan magana a bakinki, domin ita ce za ta buɗe miki ƙofa.

Inda kike da gaskiya kuwa shi ne askin. Aski ba ya ƙara yawan gashi, ko a jariri ko a kare. Yawan tushen gashi da kaurinsa gado ne. Abin da ke ruɗar ido shi ne gashin da aka yanke yana fitowa da baki mai kauri maimakon siriri, sai ya yi kamar ya ƙaru. Kuma a daidai lokacin da ake askin ne jariri ko kwikwiyo yake sauya gashi da kansa, sai inji ya karɓi yabon aikin da ba shi ya yi ba. Yayanki ko da ba a aske shi ba, da burushin nan zai tashi. Ke ma ba almakashin mahaifinki ne ya rage miki komai ba.

Ga Nurung akwai ƙarin dalili. Karnukan Malta gashinsu hawa ɗaya ne, in an rage shi yana dawowa ba matsala. Na Pomeraniya hawa biyu ne: dogo a sama, sai wani gajere mai laushi kamar auduga a ƙasa. Irin wannan in aka kai shi fata, wani lokaci yana dawowa lafiya, wani lokaci ya yi jinkiri ƙwarai, ya fito tsilli-tsilli, a wasu karnukan kuma ba ya komawa yadda yake. Ba wanda zai iya gaya miki tun yanzu a wane rukuni kare zai faɗa. Tunda ba a san uban Nurung ba, ba a san irin gashin da ya gada ba. Matar shagon da ta ƙi aikin, irinta ake nema. Ki riƙe ta.

Zafi ma ba hujja ba ce. Fatar kwikwiyo siririya ce, in aka tone ta rana tana ƙona ta, sauro kuma ya samu hanya. Abin da ke sanyaya kare mai gashi shi ne gashin ya kasance a warware iska tana ratsa shi, ga ruwan sha, ga inuwa, a kuma guji fita da tsakar rana. Injin askin mutane kuwa ba a yi shi don wannan aiki ba. Yana cijewa a gashi mai laushi, bakinsa yana zafi, fatar hammata da ta gefen kunne kuma tana shiga tsakanin haƙoransa cikin ƙiftawar ido. Ko ba a ji masa ciwo ba, kwikwiyon da aka danne aka yi masa askin farko cikin tsoro yakan daɗe yana gudun duk hannun da ya nufo shi da mataji. Kare mai dogon gashi kuwa gyara ba ya ƙare masa har tsufa.

Amma ki sake karanta abin da mahaifiyarki ta faɗa a waya. Ba ta ce ki dawo mata da inji ba, cewa ta yi injin mijinta. Kuma ta yi miki tambaya: karen nan na waye? Kin kawo shi ba shawara, kin kafa dokar wanka ba shawara, kin ɗauke injin ba shawara. Duka ukun da kyakkyawar niyya kika yi su, na farkon ma ya yi amfani fiye da yadda kika yi fata. Sai dai macen da ta yi wata da watanni ana yanke mata hukunci a asibiti da gida, ta samu abu guda da take ganin nata ne, ba za ta so a nuna mata cewa shi ma aro aka ba ta ba. Ki ba ta amsa a fili: nata ne.

Ga yadda nake ganin za ki yi. Ki je kafin Asabar, da injin a hannu ɗaya, a ɗaya hannun kuma burushi mai laushi na 'yan kwikwiyo, da matajin ƙarfe mai faɗin haƙora, da 'yar kwalbar fesa ruwa. Ki fara da ba da haƙuri kan ɗaukar injin, ba tare da “amma” ba. Sannan ki ce dokar da kika kafa ce ta jawo ƙullin nan, kuma ke ba ki iya warware shi ba. Macen da ta yi shekaru tana taje kan yara kafin makaranta ba ta bukatar darasi mai tsawo. Ki miƙa mata kayan, ki zauna a gefe.

Abin da za ki gaya mata kaɗan ne. A yi tajewar bayan ya yi wasa ya gaji, a kan cinyarta ko a kan tawul a ƙasa. A fara da ɗan lokaci ƙanƙani, a tsaya tun bai gaji da abin ba, a ba shi ɗan yankin kazar nan da take dafawa. Gara kaɗan kullum da mai yawa sau ɗaya a mako. A ɗan fesa ruwa kafin a sa burushi, don busasshen gashi yana karyewa. A raba gashin da yatsa har a ga fata, a taje layi-layi daga ƙasa zuwa sama, domin shafar sama kawai tana barin ƙulli a ɓoye. In burushi ya gama sai a bi da mataji, duk inda ya tsaya akwai sauran aiki. Wuraren da za ta fi sa ido su ne waɗanda kika lissafa da kanki, a ƙara da gindin wutsiya. Ɗamarar yawo kuma a cire ta da zarar an shigo gida. A cikin wannan zaman ta riƙa kama tafin ƙafarsa, tana ɗaga kunnensa, tana taɓa bakinsa, don ranar da baƙon hannu zai yi masa haka kada ya ga sabon abu.

Ƙullin da ya riga ya samu, a riƙe gindinsa da yatsu biyu don kada fata ta ja, a warware daga baki da yatsa, sannan da mataji, kaɗan-kaɗan. In ya yi kuka a bari sai gobe. Kada a sa almakashi a ƙullin da ya manne da fata, nan ne aka fi yanka karnuka a gida. Kada kuma a yi masa wanka da ƙulli a jiki, ruwa yana ƙara ɗaure shi. In an warware, likita kuma ya ce ba laifi, sai a yi wankan da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulun karnuka, a busar da shi sarai da iska marar zafi ana tajewa. In wani ƙullin ya gagara, a bar wa likita ko matar shagon su cire shi da injin da ya dace. Wurin kaɗai za a aske. Ki gaya wa mahaifiyarki wannan da gaskiya, don ta san ba a ce inji haramun ne ba.

Injin mahaifinki ma yana da aiki, kuma aiki ne na gaske. Abin da ya fi firgita 'yan kwikwiyo a shago shi ne ƙara. Masu gyara suna roƙon a saba musu da ita tun daga gida. Mahaifiyarki ta riƙa kunna injin a can gefen ɗaki yayin da Nurung yake cin abinci. Bayan 'yan kwanaki ta matso da shi. In ya daina kulawa, ta juya injin ta ɗora bayansa a kafaɗar karen don ya ji rawarsa, bakin yana kallon sama, ba ya taɓa gashi. Ba na jin akwai injin da ya fi wannan dacewa da aikin a gidan nan, kuma ba na jin akwai hannun da ya fi nata sanin yadda ake riƙe shi a hankali kusa da mai rauni.

Shago sai likita ya tabbatar allurai sun cika sun kuma zauna. Zuwan farko ya zama gajere: wanka, rage gashin da ke shiga ido, na tafin ƙafa don kada ya riƙa zamewa a daɓe, na wajen bayan gida, da yanke farce. Gyaran jiki duka ya biyo baya, in ya saba da wurin. Ki kuma sanar da ita cewa nan da 'yan watanni gashin ƙuruciya zai fara zuba na girma ya fito, lokacin ne ƙulli ya fi yawa. Za a bukaci hannunta kullum, ba fashi.

Saura Asabar. Kada ki soke wainar. Ki zo da Dasom, ki gayyaci Madam Ok da sauran matan zauren, ki kuma gaya wa yayanki jirgin ƙasa bai daina zuwa Daegu ba. A raba wa maƙwabta, amma kada a ba Nurung, tana da danƙo, tana iya maƙale masa. Sannan ki roƙi mahaifiyarki ta fito da gwangwanin shayin. Ki riƙe karen, ita ta ɗauki almakashi mai dunƙulen baki ta yanki ɗan tsagi daga dogon gashin ƙirjinsa, nesa da fata. A naɗe a farar takarda a sa kusa da naku. Wannan ba dabara ba ce ta rufe mata baki. A gidanku an yi askin kwana ɗari iri biyu, kuma na biyun mahaifinki ne ya fito da shi, a kanki. Ki ce mata kina so a yi wa auta irin wanda Baba ya yi miki. Za ta ce ai shi ya sa ake hango fatar kanki. Ki bar ta ta faɗa, ki sunkuya ta nuna wa ƙawayenta in tana so.

Ba zan yi miki alkawarin za ta yarda ba. In ta nace sai an aske, ki roƙi abu ɗaya: ku je tare ta ji daga bakin likita, a kuma jira a san irin gashin. In ya tabbata hawa ɗaya ne, ta kuma so a rage masa shi gajere a shago bayan allurai, wannan zaɓinta ne, ba zai cutar da shi ba, ki sakar mata. Karen da aka rage wa gashi yana gidan Daegu ya fi karen da ke da cikakken gashi a Seongju, a wurinsa da wurinta duka.

Ina yi wa mahaifiyarki fatan ƙarfin gwiwa, ta jiki da ta zuciya. Ke kuma ina miki fatan jaka marar nauyi a hanyar ofis. Ki shafa min kan ƙaninki.

Gil Mun-ja

Da yake Asabar ta matso, na aika wa mai wasiƙar wannan amsa kafin a buga shafin. Ta rubuto cewa ta kai injin ranar Laraba. Mahaifiyarta ta karɓa, ta juya matajin a hannu ta ce haƙoransa sun yi faɗi. Jakar tana nan a bakin ƙofa, amma an ciro kwanon abinci daga ciki. Ba a soke wainar ba. Likita zai duba gashin Nurung ranar Juma'a, ya faɗi ko hawa ɗaya ne ko biyu.